Yadda za ki taimaki maganin homon ya yi miki aiki bayan ɗaukewar al'ada

Yawancin mata al'ada takan ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da jiki ke rage samar da sinadarin istirojin, wato homon na mata. Daga nan sai zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, zufar dare, rashin barci, bushewar gaba da ciwon gaɓoɓi. Maganin homon da likita ke rubutawa wannan giɓin yake cikewa. Sai dai mata biyu za su karɓi magani iri ɗaya, ɗaya ta ji daɗinsa, ɗaya ta dawo tana cewa bai karɓe ta ba, kuma sau da yawa matsalar daga gida take.

Ki fara da yadda kike amfani da shi. Idan filasta mai ɗauke da maganin aka ba ki, a ƙasan cibiya ko a ɗuwawu ake manna ta, ba a kusa da mama ba. Fatar ta zama busasshiya, babu mai, babu hoda. Nan ne mata da yawa ke samun matsala, musamman da hunturu: an shafe jiki da man kaɗe ko basilin, an manna filasta a kai, kafin la'asar gefenta ya naɗe, maganin bai shiga ba. Ki manna ta tukuna, ki danne da tafin hannu na ɗan lokaci, sannan ki shafa mai ki kewaye wurin. Yawancinsu sau 2 ake canzawa a mako, don haka ki tsayar da ranaku, misali Litinin da Alhamis, kuma duk canji ki sauya wuri don kada fatar ta yi ja. Idan ta faɗi, ki manna sabuwa ki ci gaba da bin ranakunki. Idan kuma na shafawa ne, ki bar shi ya bushe kamar minti 5 kafin ki sa kaya, ki wanke hannu, kada ki yi wanka ko jika ya kwanta a wurin sai bayan awa 1. A ajiye maganin a ɗaki mai sanyi. Zafin Afrilu cikin mota ko kusa da murhu yana lalata shi.

Matar da ba a cire wa mahaifa ba dole ta haɗa da furojestaron, wani homon da ke kare bangon mahaifa. Istirojin shi kaɗai yana sa bangon mahaifa ya yi kauri, abin da kan kai ga sankara. Wasu na barin wannan ƙwayar saboda tana sa su kasala, su ci gaba da filastar kawai. Wannan ganganci ne. Irin su Utrogestan da dare ake sha daf da kwanciya, sai kasalar ta zama barci. In kin manta har ya wuce awa 12, ki bar wannan ki jira na gaba, kada ki haɗa biyu.

Sai maganar jini. Istirojin na haɗiya yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, na filasta da na shafawa kuwa ba su da wannan haɗari kamarsa. Taba, shisha, ƙiba da dogon zama suna ƙara wa abin ƙarfi. Mai shan taba ta daina, ba ragewa ba. In za ki yi doguwar tafiya, jirgin Umara ne ko motar Kano zuwa Legas, ki riƙa motsa idon sawu kina zaune, ki miƙe ki taka duk sa'ad da dama ta samu, ki sha ruwa ko da kina gudun yawan fita fitsari. Idan za a yi miki tiyata, ki faɗa da wuri, domin akan dakatar da na haɗiya mako 4 zuwa 6 kafin babban aiki.

Maganin yana rage zaizayewar ƙashi, amma sai da kayan gini a jiki. Matar da ta haura 50 tana buƙatar kusan miligiram 1,200 na kalsiyam a rana. Kofin madara ko kindirmo yana ba da kusan 300, sauran ki nema a miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Bitamin D ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, kuma duk da ranar da muke da ita, matar da ke wuni a ɗaki ta fita a lulluɓe tana iya rasa shi. Ki zauna a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, ko ki nemi a auna ki. Ƙashi kuma sai yana ɗaukar nauyi yake ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya da ɗan sauri minti 30 sau 5, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Ba sai kin je ko'ina ba: ki tashi daga kujera ki zauna sau 10 ba tare da dafawa ba, ki huta, ki maimaita sau 3.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali 1 ke nan, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin. Idan zafin nan mai tasowa zuwa fuska bai lafa ba, ki gwada barin goro, kofi da yaji mai yawa da yamma.

Duk abin da kike sha ki faɗa wa likita, har da kayan mata da jiƙe-jiƙe, kada kunya ta hana ki. Maganin tarin fuka na rifamfisin, wasu magungunan farfaɗiya da wasu na cutar ƙanjamau suna sa hanta ta kawar da homon da sauri, sai ki ga alamun sun dawo. Maganin homon kuma ba na hana ɗaukar ciki ba ne. In al'adar ta tsaya kafin 50, a ci gaba da tsarin iyali shekara 2, in bayan 50 ne shekara 1.

Ki koma asibiti bayan wata 3, daga nan duk shekara, a auna hawan jini a duba mama. Ɗigon jini a watannin farko ba abin tsoro ba ne, amma in ya wuce wata 6, ko ya dawo bayan ya tsaya, sai an duba mahaifa. Kumburi da ciwo a ƙwauri ɗaya, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya ko ido ya yi rawaya, waɗannan ba a kwana da su a gida: ki dakatar da maganin ki tafi asibiti a ranar.