Yadda za ka gane ko ciwon bayanka yana bukatar hoto

A nan Tawa, da mutum ya wayi gari bayansa a ƙage, abin da dangi ke fara ce masa shi ne, "Je ka a yi maka radiyo." Wato hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti. Ban ga laifinsu ba, hankali ya fi kwanciya da abin da ido ya gani. Sai dai yawancin ciwon baya, irin wanda ɗaukar buhun albasa ko wuni kan kabu-kabu ke jawowa, daga tsoka yake, kuma yana lafawa cikin sati 4 zuwa 6. Radiyo kuwa ƙashi take nunawa, ba tsoka ba. Ga yadda za ka bi.

Na farko, duba alamomin da ba a kwana da su. Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba ka sani ba. Matsematsi da kewayen dubura sun mutu, ka yi tsarki ba ka ji taɓin ruwa ba. Ƙafa tana raguwa da ƙarfi, kana jan ta, takalmi na suɓucewa. Wannan alama ce ta cewa wani abu ya danne jijiyoyin da ke ƙarshen laka. A tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, don jinkiri na iya barin mutum da nakasa. Na san kunya kan hana mutane, musamman dattawa, faɗin maganar fitsari. Don Allah a faɗa wa likita, da ita yake gane gaggawar.

Na biyu, akwai waɗanda ke bukatar ganin likita cikin ƴan kwanaki: wanda ya faɗo daga babur ko daga bisa, tsohon da ya zame, wanda ya taɓa yin ciwon daji, da wanda ya daɗe yana shan kortikoyid, irin ƙwayoyin da wasu ke sha don ƙiba, saboda suna cinye ƙarfin ƙashi. Haka nan ciwon da ke tafe da zazzaɓi, rama, zufar dare, ko wanda kwanciya ba ta sauƙaƙa shi. A ƙasarmu wannan na da muhimmanci, domin tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya har ya yi ƙusumbi.

Na uku, idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, ba shi sati 6. Kada ka kwanta dungurungum. Yi ƴar tafiya, ci gaba da aiki mara nauyi, ɗumama wurin, ka sha maganin da aka rubuta maka a likita, ba tramol na ƴan talla ba. In sati 6 ya cika ba sauƙi, ko ciwon na sauka ƙafa yana ƙaruwa, koma wurin likita.

Na huɗu, bar likita ya zaɓi hoton bayan ya duba ka. Radiyo ta karaya ce da lalacewar ƙashi. Sikana ta fi ta bayani, amma haskenta da ke ratsa jiki ya fi yawa. IRM da maganaɗisu take aiki, ita ke nuna laka, jijiyoyi da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Mai ciki ta faɗa kafin radiyo ko sikana, mai ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki ya faɗa kafin IRM. In an tura ka Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, ka tafi da takardar likita da tsofaffin hotunanka, kuma ka tambaye shi, "Likita, me hoton nan zai canza a maganina?"

Na biyar, kada ka karanta sakamako kai kaɗai ka tsorata. Mutane da yawa da ba su jin ciwon komai, in an yi musu IRM, ana ganin guringuntsi ya ɗan kumbura ko ya sisiye saboda shekaru. Kai takardar wurin wanda ya tura ka, ya haɗa abin da ke ciki da inda kake jin ciwon.