Yadda Ake Farfaɗo da Fako da Dabarar Tassa

Manoman yankin Illela a jihar Tahoua sun daɗe suna mayar da fako gona ta hanyar tassa. Tun da rani, manomi zai haƙa ramuka masu faɗin kimanin santimita 30 da zurfin santimita 15, ya tara ƙasar da ya fitar a gefen gangare domin ta tare ruwa. Daga nan sai ya zuba taki cikin tafin hannu biyu a kowane rami, wanda zai jawo gara ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Aikin yana da wahala ƙwarai, shi ya sa gayya ta fi dacewa da shi. Idan ruwan shuka ya sauka, sai a shuka gero ko dawa a cikin ramukan.