Kayan gwajin mura da korona a jakar mai tafiya yawo a jirgin ruwa

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa gari ne guda da aka kulle a cikin ƙarfe. Mutum dubu uku, wani jirgin har dubu shida, suna cin abinci a zaure ɗaya, suna riƙe ƙarfen bene ɗaya, suna shaƙar iskar juna har kwana bakwai. 'Yan kasuwarmu na Garwa da Marwa da Njamena da suka saba da Dubai, da masu ƙara kwanaki a Jidda bayan umra, da iyayen da 'ya'yansu ke ɗauka daga tashar Marsel a zaga da su Basalona da Jenowa, duk sun fara shiga irin wannan tafiya. Wanda ya tuna jirgin Diamond Princess da aka tsare a tashar Yokohama ta Japan a watan Fabrairun 2020 ya san yadda cuta ke gudu a irin wannan wuri: mutum 3,711 ne a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar ranar 5 ga Mayun 2023, yawancin kamfanonin jirage kuma sun daina neman takardar gwaji. Takardar ce aka daina nema, cutar tana nan, ita da mura mai zazzaɓi wadda a farmasi ake ce wa girip.

Akwai asibiti a kowane babban jirgi, amma na kuɗi ne, da yuro ko dala, kuma a kan lissafin ɗakinka ake ɗorawa. Shi ya sa mutane ke danne tari kwana biyu ko uku suna cewa iskar teku ce. A nan asarar take. Maganin girip, oseltamibir, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 da fara ciwo. Maganin korona na Paxlovid da ake ba tsofaffi da masu ciwon sukari ko zuciya, cikin kwana biyar na farko ake fara shi. Amfanin gwajin da ka zo da shi ke nan: ya gaya maka tun daren farko cewa lokacin zuwa wurin likita ya yi.

Abin da za ka saya

Ka nemi wanda aka rubuta autotest a jikin kwalinsa, wato wanda aka yi domin mutum ya gwada kansa. Akwai na ma'aikatan asibiti mai dogon tsinke da ake turawa can ƙarshen hanci, wannan ba naka ba ne. Mafi amfani a jirgi shi ne mai haɗe, wanda ke duba korona da girip iri biyu, A da B, da tsinke ɗaya, domin alamominsu iri ɗaya ne amma maganinsu daban. Ka duba tambarin CE na cika ƙa'idar Turai, da lambar LOT ta rukunin kayan, da ranar lalacewa da ke kusa da hoton agogon yashi. Wanda ya rage masa ƙasa da wata uku, bar shi. A farmasi za ka saya, inda akwai sanyi. Na kan tebur a kasuwa, ko da kwalin sabo fil ne, ba ka san rana nawa ya sha ba. Idan ba ka samu a garinku ba, farmasin Duwala ko Yawunde, ko na Faransa da Dubai kafin ka hau jirgi, sun fi sauƙin samu.

Tafiyar kwana bakwai, uku ga kowane mutum. Alhaji da Hajiya da yara biyu, goma sha biyu. Dalilin uku zai fito a gaba. Ka haɗa da ma'aunin zafin jiki, da takunkumin FFP2 kamar guda goma, da farasitamol, da ƙunshin gishirin zawo guda shida ko fiye.

Zafi ne ke kashe shi tun kafin ya ga teku

Kusan dukkan waɗannan kayan gwaji an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu, Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena suna haura 40 a inuwa. Abin da ke cikin allon gwajin sinadari ne mai laushi da aka busar a kan takarda, zafi yana dafa shi kamar yadda yake dafa ƙwai. Matsalar ita ce ba ya nunawa a ido. Allon da ya lalace yana iya fito da layin C, wanda ke nuna gwajin ya yi aiki, lafiya lau, ya kasa kama cutar, ya ce maka ba komai alhali akwai.

Saboda haka hanyar da kwalin zai bi ta fi sayensa muhimmanci. Kada ya shiga akwatin da za a ɗaure a saman motar ajans daga Marwa ko Garwa zuwa Ngaundere, awanni yana gasuwa a ƙarƙashin tampol. Kada ya kwana a but ɗin mota ko a gaban gilashi. A jakar hannu yake tafiya, a tsakiyar tufafi, a kan cinyarka ko ƙarƙashin kujera, haka a jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Idan lokacin bazara ne, ka sa shi a 'yar jakar sanyi irin ta masu allurar insulin, da gorar ruwa mai sanyi da aka naɗe da tawul. Ƙanƙara kai tsaye kuma a'a, daskarewa ma tana ɓata ruwan gwajin. A gida, kwandon kayan miya na firigo ya isa. Idan wuta ba ta tsayawa, ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa, cikin roba mai murfi don kada danshi ya shiga. Abin da ya fi duka shi ne a saya kwana biyu ko uku kafin tafiya.

A filin jirgin sama ba matsala: dokar ruwa a jakar hannu mililita 100 ce, 'yar kwalbar gwaji kuwa ba ta kai mililita ɗaya ba. A tashar jirgin ruwa ana karɓar manyan akwatuna a bakin ƙofa, su yi awanni a kan dandamali kafin su iso ɗaki da yamma, a Jidda ko Dubai kuwa ka san irin ranar. Ka shiga da kwalin a hannunka. A ɗaki, aljihun tebur nesa da taga ya wadatar. Idan wuri ya matse kana iya jefar da kwalin waje, amma ka riƙe takardar bayani, kuma kada ka cakuɗa kayan kamfani biyu: ruwan wani ba ya aiki a allon wani.

Yadda ake yin gwajin

Idan kayan sun fito daga sanyi, ka bar su rabin awa su dawo zafin ɗaki. Wanke hannu da sabulu, fyace hanci sau ɗaya a hankali. Shimfiɗa komai a kan tebur busasshe, ban da bakin abin wanke hannu na bayi. Ledar allon ba a yage ta sai an shirya, domin danshin teku yana shiga takardar. Idan ka tarar da ledar a huje, jefar.

Ciro tsinken ta gindinsa, kada yatsa ya taɓa audugar. Tura shi cikin hanci kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, ya nufi baya, ba sama wajen ido ba. Ka goga shi a bangon hanci kana juyawa, sau biyar aƙalla, kamar daƙiƙa goma sha biyar, sannan ɗaya hancin da wannan tsinken dai. Yawancin kuskure a nan yake. Mutane suna taɓa bakin hanci su fitar don tsoron atishawa, ƙwayar cutar kuwa a jikin bango take manne. Idan idonka bai ɗan kawo ruwa ba, da wuya ka goga sosai.

Tsoma tsinken a 'yar kwalbar, juya shi kana matse jikin robar a kan audugar, yadda takardar ta ce. Rufe da murfin ɗigo, riƙe kwalbar a tsaye, ɗiga a ramin allon. Wasu digo uku ne, wasu huɗu, wasu masu haɗe suna da rami biyu. Abin da takardar ta ce shi za ka bi. Ƙarin digo yana ambaliya ya wanke layin, ragi kuma yana hana ruwan kaiwa ƙarshe. Bar allon a kwance, ka saita agogon waya. Yawanci minti 15 ne. Bayan minti 20 zuwa 30 sakamakon ya mutu, domin takarda idan ta bushe tana iya fito da inuwar layi na ƙarya. Wanda ya koma kwandon shara da safe ya ga layi biyu, bai ga komai ba.

Layin C shi kaɗai: ba a ga cutar ba. C da wani layin, ko da dishi-dishi ne kamar an goge: akwai ta. Babu C: gwajin ya ɓaci, a sake da sabo. Ka ɗauki hoto a ƙarƙashin fitila mai haske, ka rubuta rana da awa a jikin allon. Jini a kan audugar yana iya rikita sakamako, ga masu haɓo bayan hunturu. A jira ya tsaya. Mai shaƙar taba ya wanke hanci ya dakata tukun. Ruwan kwalbar kuma a nisanta shi da yara da ido, wasu suna ɗauke da guba kaɗan.

Ga dalilin uku. A ranar farko ta ciwo ƙwayar ba ta cika yawa a hanci ba, gwaji yana iya tsallake ta. Shawarar hukumar magunguna ta Amurka ita ce mai alamun ciwo da ya ga layi ɗaya ya sake bayan awa 48. Wanda ya zauna da mai cutar amma bai ji komai ba, ya jira kwana biyar, sannan ya yi uku, awa 48 tsakanin kowane biyu. Gwaji washegarin haɗuwa ɓarnar kaya ce kawai.

Zazzaɓin da muke tafiya da shi daga gida

Wannan ne abin da takardun Turawa ba za su gaya maka ba. Mutumin da ya taso daga bakin Binuwai ko Logon ko Shari, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓinsa a jirgi yana iya zama na cizon sauro, palu. Yana fitowa daga kwana bakwai zuwa wata guda bayan cizon, wato daidai lokacin da kake tsakiyar teku. Likitan da ya saba da fasinjojin Turai zai fara tunanin girip. Palu ba bairos ba ne, gwajin hanci ba ya ganinsa, kuma irin namu, falsifarum, yana iya kayar da mutum cikin kwana biyu ko uku.

Don haka ka ƙara TDR na palu, wato gwajin jini na gaggawa, guda biyu ga kowane mutum, ka sa ma'aikacin jinya ya nuna maka yadda ake yi kafin tafiya. Ana goge yatsa da alkol a bar shi ya bushe, a huda gefensa, a ɗebi ɗan digon jini da abin ɗiba da ke cikin kwalin, a sa a ƙaramin rami, ruwan gwaji a babban rami, a karanta bayan minti 15 zuwa 20. Jini da yawa yana rine allon ja ya ɓoye layin. Wanda ya sha maganin palu makonni biyu ko uku da suka wuce yana iya ganin layi biyu ko da ya warke, sai ya gaya wa likita haka. Ka nemi ordonans daga likitanka na maganin artemeta da lumefantirin, ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar. Ko gwajin ya nuna babu, in dai zafin jiki ya kai 38, kalmar farko da za ka faɗa wa likitan jirgi ita ce daga Kamaru ko Cadi ka fito.

Amai da zawo kuwa, wanda a jirage yawanci norobairos ne, babu gwajin gida da za ka dogara da shi. Yana tashi awa 12 zuwa 48 bayan kamuwa. Man goge hannu na alkol ba ya kashe shi sosai, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa ashirin. Gishirin zawo a lita ɗaya na ruwa, ana kurɓa kaɗan-kaɗan, kuma a sanar da asibiti.

Idan layi biyu ya fito

Kada ka taka zuwa asibitin ta cikin jama'a. Kira lambarsa da wayar ɗaki, ka faɗi abin da ka gani da lokacin da ciwon ya fara, da magungunan da kake sha, domin Paxlovid ba ya jituwa da wasu magungunan zuciya da na kitsen jini. Za su iya sake gwajin da nasu, su ce ka zauna a ɗaki, a riƙa kawo abinci. Kowane kamfani da dokarsa, tana cikin takardar da ka amince da ita lokacin sayen tikiti, ka karanta ta tun a gida tare da ta inshorar tafiya. Ɓoyewa don kada kuɗin yawo ya tafi a banza zalunci ne ga dattijon da ke teburin kusa da kai. Sallar jam'i ma a dakata da ita, a yi a ɗaki. Abokin ɗaki ya sa takunkumi, a buɗe ƙofar baranda idan akwai.

Numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, ruɗewa, barcin da ba a iya tayar da mutum, ko yaron da ya ƙi shan komai: waɗannan ba a jiran minti 15 a kansu, a kira nan take. Masu tafiya da 'yar na'urar auna iskar jini ta yatsa su sani tana iya nuna lamba sama da gaskiya a baƙar fata, don haka 92 ko ƙasa kira ne, 94 tare da haki ma kira ne.

Kayan da aka yi amfani da su a ɗaure a leda, allurar huda yatsa kuma a nemi akwatin allurai daga mai gyaran ɗaki. Gwajin gida ba ya zama takardar shaida a wurin hukuma. Wadda za a iya tambayarka a kan iyaka ita ce katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, wanda tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka sa shi cikin fasfo, a jaka ɗaya da kwalin gwajin.