Yadda za ka zaɓi salon da ya dace da dokumentarinka

Yawancin dokumentarin da matasa ke kawo mini in duba, tun kafin in kunna na san abin da zan gani: hoton gari daga sama, kiɗa mai taushi, sai wata murya mai kauri ta ce "Kano ta Dabo, tumbin giwa", daga nan ba za ta sake yin shiru ba har sunaye su hau. Wannan ma salo ne, yana da ranarsa. Mun gaje shi tun zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ke kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, mai bayani na riƙe da lasifika yana gaya wa jama'a abin da ya kamata su fahimta. Matsalar ita ce da yawa sun ɗauka shi kaɗai ne hanya.

Kafin ka ari kyamara, amsa tambaya ɗaya: abin da kake son nunawa yana faruwa ne yanzu a gaban ido, ko ya riga ya wuce, ko kuwa sai ka taɓa shi zai motsa? Amsar ita za ta zaɓa maka salo. Bari mu ɗauki marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, mu ga yadda wuri ɗaya zai ba da finafinai daban-daban.

Idan bayani kake so ka yi, ɗauki mai ba da labari. Yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a rami, a bar su kwanaki har ruwan ya nuna, abu ne da kyamara ba za ta iya faɗa ita kaɗai ba, don ruwan jiya da na yau kusan kamarsu ɗaya a hoto. A nan murya ta yi rana. Sharaɗina biyu ne. Ka fara jera hotuna kafin ka rubuta abin da muryar za ta ce, ba akasin haka ba. Sannan duk jimlar da ke faɗin abin da ido ke gani, goge ta. In mutum na tsoma zane a rami, ba sai an ce "ga shi yana tsoma zane" ba. Gaya mana dalilin da ya sa yake ciro shi yana shanya wa iska kafin ya mayar, cewa iskar ce ke juya launin daga kore zuwa shuɗi.

Idan kuwa abin na faruwa yanzu, gwada salon zura ido: ba tambaya, ba murya, ba "Baba, don Allah sake tsomawa ban ɗauka ba". Wannan salo ya samu ne wajen 1960, da aka ƙera kyamarar da ake saɓawa a kafaɗa da rikodar da ke ɗaukar sauti daidai da hoto. A shekarar ne Robert Drew da abokan aikinsa suka bi John Kennedy da Hubert Humphrey wajen yaƙin neman tsayawa takara a jihar Wiskonsin ta Amurka, suna ɗauka kawai. Frederick Wiseman ya shafe shekaru sama da hamsin yana shiga asibitoci da makarantu da kotuna da wannan salon, bai taɓa sa mai ba da labari ba.

Yana da daɗin kallo, amma shi ya fi cin lokaci. Ka fara zuwa ba kyamara, ka zauna, ka sha shayi, ka san wane ne mai rami, wane ne yaron gida. Ranar da ka zo da kyamara, awannin farko asara ne, kowa na gyara hula. Sai sun gaji da kai za ka fara samun abin kirki. Ka riƙe kowane hoto aƙalla daƙiƙa goma ko da kana jin ya isa. Sauti kuma ya fi hoto muhimmanci a nan: ka maƙala ƙaramin makirufo a rigar mutumin da kake bi, don titin Ƙofar Mata ba ya rabuwa da hon ɗin adaidaita sahu. Kuma dole a sami abin da ake jira. Marini na rini daga safe zuwa la'asar ba labari ba ne. Marinin da ya karɓi aikin da za a kai kafin Sallah, ga hadari na haɗuwa kullum, ga ɗansa ya fi son tuƙi da gadon rami, wannan labari ne.

Salo na uku shi ne wanda na fi so, kuma tushensa na kusa da mu. Jean Rouch Bafaranshe ne da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya ƙare da yin finafinai a can har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Shi bai yarda mai kyamara ya yi kamar ba ya nan ba. A ganinsa, tunda kowa ya san kana nan, ka shiga ciki, ka yi tambaya, ka bar zuwanka ya tayar da magana. A farkon shekarun 1950 ya ɗauki farautar dorina a kogin Kwara, ya koma garin Ayoru da ke bakin kogin ya haska wa masuntan da ya ɗauka. Suka ce kiɗan da ya ɗora a kan farautar kuskure ne, don kiɗa ƙara wa dorina ƙarfin zuciya yake yi, farauta kuwa shiru take so. Ya cire kiɗan. 'Yan Nijar irin su Damure Zika sun zama abokan aikinsa, shi kuma Umaru Ganda, wanda ya fito a fim ɗinsa na 1958 da aka ɗauka a Abijan, ya zama babban darakta da kansa.

In za ka bi wannan hanya, hira ce jarinka. Zauna dab da kyamara don idon mai magana ya faɗo kusa da ita. Kada ka tambayi abin da za a amsa da "e" ko "a'a". Maimakon "Baba, sana'ar ta ja baya ko?", ce "Baba, ramuka nawa ke aiki lokacin da kuka fara, yanzu kuma fa?" In ya gama amsawa, yi shiru, ka ƙirga biyar a zuci. Mu Hausawa ba ma son shiru a tsakiyar zance, dattijo zai cike gurbin, kuma abin da zai faɗa a lokacin sau da yawa ya fi amsar farko. Ka hana kanka "na'am" da "haka ne", gyaɗa kai ya isa, in ba haka ba muryarka za ta hau kan tasa, wajen tacewa ka rasa yadda za ka raba su.

Abin da ya riga ya wuce, kamar zamanin da Buzaye ke sayen turkuɗi su haura da shi Sahara, sai da tsoffin hotuna da takardu da bakin dattawa. Leƙa Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ka kuma nemi izini a rubuce kafin ka sa hoton wani. Za ka iya sa mutane su kwaikwayi abin da ya faru, amma ka rubuta a jikin hoton cewa kwaikwayo ne. Robert Flaherty, a fim ɗinsa na 1922 kan mutanen ƙanƙara na arewacin Kanada, ya sa mutumin da ya saba da bindiga ya yi farauta da mashi bai gaya wa masu kallo ba, har yau ana yi masa gori. Errol Morris kuwa ya yi kwaikwayon kisan wani ɗan sanda a fili a 1988, kowa ya san kwaikwayo ne, fim ɗin ya taimaka aka saki Randall Adams, wanda aka ɗaure kan kisan, daga kurkuku a shekarar da ta biyo.

Akwai kuma salon da ba ya bayani ba ya tambaya, hoto da sauti kawai. Ƙarar masu bugu, shuɗin hannun marini, minti biyar ya ishe shi.

Binciken ɓoye kyamara ba na ba sabon shiga shawararsa. Gaskiya ne binciken BBC kan maganin tari mai kodin a 2018 ya sa gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi nan take, amma akwai lauyoyi a bayan masu aikin. A 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tashar Trust TV tarar naira miliyan 5 kan shirinta na 'yan bindiga.

Haɗa salo ba laifi ba ne, kusan kowa na yi, amma ɗaya ya zama ginshiƙi. In ka rasa wanne, ɗauki yini guda a wurin, ka tace minti biyu sau biyu, ɗaya da murya ɗaya babu. Kai wa mutanen da ka ɗauka su kalla a waya, ka lura da inda suka yi dariya, da inda suka ce "ai ba haka ake yi ba", ka gyara wurin kafin ka ci gaba da ɗauka.