Yadda za ku kare bakin rafinku kafin masu awon igiya su iso

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aikin safiyo a kewayen Kano, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin fuloti a cikin fadama. Ruwan da ake tacewa a Tamburawa a tura cikin birni daga Kogin Kano yake, wanda madatsar Tiga ke riƙe da shi tun 1974. Kogin kuwa ƙananan rafuka ne ke ciyar da shi, irin wanda ya ratsa bayan garinku. Wanda yake son ganin ƙarshen rafin da gidaje suka maƙure, ya je ya leƙa rafin Jakara a cikin birnin Kano.

Ku fara da damina, kada ku jira rani. A watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ku ɗauki dagaci da dattawa biyu ku bi gaɓar. Ruwa ba ya ɓoye inda ya kai: za ku ga karmami da leda sun maƙale a jikin bishiya, laka ta yi zobe a gindinta. A nan za ku kafa turaku. A wani gari wata tsohuwa ce ta ja ni har gindin giginya ta ce, "Ɗan nan, a nan na taɓa wanke ƙwarya." Tazarar ta fi wadda ke kan taswirata nesa ba kusa ba. Tata muka bi.

Daga turakun nan ake fara ƙirga tazarar da ba a gini, ba daga tsakiyar rafi ba. Kowace jiha da tata ƙa'idar. A Kano ku je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ku nemi a ba ku adadin mitocin a rubuce.

Sai ku raba wurin. Dab da ruwa ba gini ko ɗaya, ba ɗibar yashi, a dasa ciyawar jema da bishiyoyi su riƙe ƙasa. Bayansa noman rani da lambu. Gidaje can kan tudu, manyan fuloti, a bar fili ruwa ya samu inda zai nutse. Ku bar wa makiyaya burtali da mashaya, in ba haka ba rigima ce za ta tuge turakun.

Abin da nake roƙonku ku tsananta a kai shi ne masai. Bango ba ya kashe ruwa kamar yadda ramin salga da sokawe ke yi, domin ƙazantar ta ƙarƙashin ƙasa take bi ta faɗa rijiya da rafi, ba mai gani sai amai da gudawa sun shigo gari. Haka ma majema, marina da wurin wankin mota.

Yarjejeniyar baki ba ta tsayar da dillali. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu. Don haka ku sa safiyo mai lasisi ya zana iyakar, hakimi ya sa hannu, ku kai kwafi ƙaramar hukuma da ma'aikatar ƙasa, ku nemi a shigar da wurin cikin taswirar tsarin gari. Masu gonaki a bakin ruwa ku zauna da su tun farko, su san noma bai haramta ba, yankawa a sayar ne aka hana.

Turakun katako gara ke cinye su. Kafin damina ta gaba ku musanya su da na siminti.