Yadda za ki sa ƙaramin ɗaki ya yi faɗi

Masu ta tambayata a inbox, musamman amaren da ke ɗaki ɗaya ko ciki da falo, to ga shi:

1. Ki fito da komai tsakar gida.
2. Ki ware abin da ba ki taɓa ba tun sallar bara, ki bayar. Kuloli goma sha biyar ɗin nan dai na jere ne kawai, wallahi ba amfaninsu kike ba.
3. Ki shafa fenti fari ko ruwan madara.
4. Ki tura gado kusurwa.
5. Ki zura akwatuna ƙarƙashinsa.
6. Ki auna wurin da ya rage da tef kafin ki je gun kafinta. Nan ake kuskure, sai a kawo saitin kujeru cikakke ƙofa ma ta ƙi buɗuwa, biyu sun isa, baƙi su zauna kan darduma.
7. Ki sa a kafa miki kanta a bango.
8. Ki rataye babban madubi yana kallon taga.
9. Ki ɗaura labule marar nauyi daga kusa da silin har ƙasa. Banda mai duhu don Allah.