Ku riƙa duba bugun zuciyar iyayenmu a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu dattawa a gida, musamman masu hawan jini, ga abin da ba ya cin ko sisi.

Zuciya da wutar lantarkinta take aiki. Wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a ɗakin sama na dama na zuciyar (ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa) ne ke kunna wutar, sau 60 zuwa 100 a minti idan ana hutawa. Ɗakunan sama su matse, wutar ta ɗan dakata don na ƙasa su cika, sannan su ma su matse su tura jini. Turawar nan ce kake ji a wuyan hannu.

Ka zaunar da Baba ya huta minti biyar, kuma ba bayan goro ko kofi ba. Da sanyin Jos ɗin nan, a fara ɗumama hannu tukuna. Ɗora yatsu biyu ƙasan gindin babban yatsansa, ban da naka babban yatsan don shi ma yana da bugunsa, ka ƙirga minti guda cur.

Ni dai tsarin bugun ya fi damuna a kan lambar. In yana rikicewa, yanzu sauri yanzu jinkiri, a je JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) ko asibiti mafi kusa a nemi gwajin ECG, wato gwajin da ke nuna yadda wutar zuciya ke aiki, domin irin wannan kan sa jini ya daskare ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Gwajin ba allura, wayoyi kawai ake mannawa a ƙirji da hannu da ƙafa. In kuwa da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suma, kada a tsaya ƙirge, a tafi nan take.